Kaset Mai Farin Ƙyalle

Zuwa ga yayana, Sabo Mai Kaset,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan makwancinka da sanyi. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake, amma duk wanda na soma gaya wa maganar nan sai ya ce in je a yi mini tofi. Shi ya sa na rubuto maka, wanda ya gani ya karanta.

Bayan sadakar arba'in ɗinka, Baffa Ilu ya tara mu ya yanke hukunci: a kwashe kaset ɗin shagonka na bakin kasuwar Gaya a ƙone, kada kiɗa ya yi maka nauyi a kabari. Ni aka miƙa wa makulli. Ban yi musu ba, ka san bakina mutuwa yake a gaban Baffa.

Shagon nan rabin garinmu ne. Samari su zo jin sabuwar waƙa, su ɓuge da nuna sabon ɗinki, tunda shagon Ado Tela yana jikin bangonka. Duk yayin da ya shigo Gaya, hula ce ko shadda, a bencinka ake fara ganinsa. Ran kasuwa matan Gafasa da Kademi su zo ka ɗauki muryarsu, wata saƙo za ta aika wa ɗanta a Kurmi, wasu shantu za su kaɗa wa amarya. Kowane ɗauka sai ka ajiye kwafi ɗaya. Da waya ta kashe kasuwar kaset ka koma tura waƙa a memori, kana yi kana ɓata rai kamar an ɗura maka maɗaci.

Kai da ka gudu daga makaranta tun aji biyu, ba ka rubuta suna a jikin kaset. Sai ka karɓi ragowar yadin mutum a wajen Ado, ko ka sa a yago maka bakin ɗankwali, ka ɗaure kaset ɗin da shi. Kullum cewa kake, "Ni suna shige mini yake, amma ba na manta abin da mutum ya sa."

Da hantsi na buɗe shagon. Ƙyallaye ne reras a kanta, suna ɗan motsi, alhali ko iska babu. Na ɗaga kai kan kantar sama, nan da nan na gane koriyar atamfar Innarmu. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Duk masu kayan nan sun rasu. Ashe ware su kake yi, Yaya, ba ka taɓa faɗa mana ba.

A ƙarshen layin akwai ɗaya mai farin ƙyalle. Na nuna wa Ado. Ya ce ragowar wani likkafani ne da ya ɗinka, kai ka roƙe shi mako guda kafin rasuwarka, kana lafiya lau, har kana yi masa tsiya.

Na sa batir a rikodarka na danna. Ka yi gyaran murya, ka ce "Gwaji, gwaji" yadda ka saba. Sai ka shiga kiran mutanen kantar sama da kayansu. "Mai koriyar atamfa." Ka yi shiru kamar mai jiran a amsa. "Mai shadda ruwan toka." Ka sake yin shiru. A cikin kowane shirun ina jin benci yana ƙara, irin ta wanda ya samu wuri ya zauna. Har yau ban tabbatar ba, na cikin kaset ne ko wanda ke bayana. Ban waiwaya ba.

Ka ce, "Mai farin yadi," ka amsa wa kanka, "Na'am."

Sannan ka ce, "Ke mai shuɗin leshi, kada ki bari a sa musu wuta. Ba nawa ba ne, ajiya ce."

Yaya, shuɗin leshi ne a jikina. Ankon suna ne da aka ɗinka mini a Ajingi kana da wata guda a ƙasa. Ado ya ce ai kowa ya san ni da son shuɗi. Wataƙila. Amma na ji tsoro, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na ji kewarka ta fi tsoron yawa.

Ban ƙone ba. Ran kasuwa na ɗaura igiya a ƙofar shagon, na rataye su duka kamar shanya. Ban kira kowa ba, ƙyallen ne ya yi kira. Wata tsohuwa daga Balan ta hango yadin rigar mijinta tun daga rumfar masu gishiri, ta zo ta kwance shi.

Baffa ya iso da galan ɗin kalanzir, ransa a ɓace. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka kan mayafin Gwaggo Hajo, matarsa da ya binne bara. Ya kwance kaset ɗin ya sa a aljihu, ya tafi. Galan ɗin yana nan inda ya ajiye shi.

Na Inna yana wurina, da naka. Ban juya ɗaya gefen naka ba, kuma ba zan juya ba. Leshin kuwa na ninke shi a ƙasan akwati. Don Allah kada ka kira shi da wuri, Yaya, yarana ƙanana ne.

Allah Ya sauƙaƙa maka kwanciya, Ya yafe maka abin da kunne ya ji, Ya saka maka da amanar da ka riƙe. Ya haɗa ka da Inna a inuwa ɗaya.

Taka har kullum,
ƙanwarka, Mairo