Ruwa a Kwale-kwalen Hagu

Cygnet, Talata 4 ga Maris, ƙarfe 7:10 na safe

Kakana Pop,

Sannu da jiki. Ina fata likitocin Hobart na kula da kai. Tunda kunnenka ya ƙi waya, ga wasiƙa.

Ina zaune kan gadar katako, jirgin samanka mai sauka kan ruwa na ɗaure gefena, hazo ya rufe gaɓar can, har kamar yana shawagi ba tare da ya tashi ba. Na zuƙe ruwan duka ɗakuna goma na kwale-kwalen biyu da yake tsayawa a kai. Tara a bushe suke. Na uku a hagu ya ba ni lita 1.7, kwana shida a jere. Na fito da jirgin tudu kan tayoyinsa, na bi kowace ƙusa da kumfar sabulu, ban ga kafa ba.

Na yi maka alkawarin ranar 22 zan tuƙa ka zuwa Bathurst Harbour, amma ba zan ɗauke ka a jirgin da ke shan ruwa ban san ta ina ba. Kakata Nan na gaishe ka. Ta ce a bar maganar sai baɗi.

Jikarka,
Marnie

Hobart, 7 ga Maris

Malama Injiniya,

Gaisuwa. Shekara huɗu a jami'a ba wanda ya ce miki kina da harshe? Ki ɗanɗana ruwan. In da gishiri, daga ƙasa ne. In babu, ki ɗaga kai.

Baɗi kuwa, likita bai ba ni ita ba. Kullum in na rufe ido a Bathurst Harbour nake, inji a kashe, muna gangarawa kan ruwa mai kalar shayi, duwatsu a kife a ciki. Abincin nan kamar jiƙaƙƙen kwali.

Ki huta lafiya,
Pop

Cygnet, Talata 11 ga Maris, 6:55 na safe

Pop,

Barka da safiya. Ba gishiri. An kwana tara ba a yi ruwan sama ba, murfin ɗaki na ukun kuma lafiyarsa lau. Don haka yau na riga rana fitowa, na laɓe a rumfar tuffa.

Ƙarfe 6:12 Nan ta sauko cikin rigar barci da takalman roba, ta durƙusa, ta buɗe murfin, ta juye ruwan butar shayi a ciki. Ta daɗe da tafinta kan fiffike, tana magana ƙasa-ƙasa. Na auna butar bayan nan. Lita 1.7.

Da muna cin burodi ta tambaye ni ko na gano matsalar, na ce tukuna. Me zan yi?

Taka,
Marnie

Hobart, 14 ga Maris

Marnie 'yar albarka,

Na yi dariya har nas ta leƙo, sannan na daina.

Shekara sha bakwai muna gina jirgin nan. Ni ina buga ƙusa daga waje, kakarki Dulcie na tokare da ƙarfe daga ciki. Ta san na uku ne a tsakiya, inda ruwan buta ba zai karkata komai ba. Ko a tsoronta ba za ta cuci jirgin ba.

Kada ki kunyata ta. A duk tafiyarmu ita ke leƙa madubin fiffike ta duba tayoyi kafin mu sauka, ta ce da ƙarfi, "Ruwa za mu, tayoyi na sama." Mai sauka kan ruwa da tayoyi a waje, kifewa zai yi. Ki ce mata ba ki yarda da idonki ke kaɗai ba, nawa kuma ya tafi. Ai gaskiya ce. Akwai kujerar baya.

Naki tsoho,
Pop

Cygnet, Talata 18 ga Maris, 7:05 na safe

Pop,

Gaisuwa mai yawa. Na faɗa mata ran Lahadi tana shanya. Ta ce kai tsohon wawa ne, ta ci gaba da shanyarta.

Jiya da yau ɗakuna goma a bushe.

Abin da ban sani ba:

Ko iska za ta kwanta ran Asabar.
Ko likita zai ba ka wuni guda ko rabi.
Ko Nan ta yarda, don har yanzu ba ta ce e ba.
Nauyinta. Ina bukatarsa don lissafin kaya. Na tambaya, ta ce in rubuta kilo sittin, kuma kada in kuskura in kawo ma'auni.

Sai Asabar,
Marnie