Shafin da Aka Yage daga Littafin Iya

Da sunan Allah Mai rahama. Ni na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya tsaya a kaina. Likita ya faɗa mini abin da ya gani a hoton ƙirjina, na kuma gode masa da bai yi mini kwana-kwana ba. 'Ya'yana uku, Tela da Nas da Auta, ku karanta tare a ɗaki ɗaya, kada wanda ya tashi sai an kai ƙarshe.

Na ɗaya. A yi mini sutura irin ta Musulmi, yadda na rayu. Nas za ta zauna a ɗakina ta karɓi gaisuwa. Tela, na ji ka ce wa matarka ranar da na rufe ido ƙanwarka ba za ta sake taka ƙofar nan ba, tunda ta koma coci. Bangon gidanmu ba shi da kauri. Ƙofar tawa ce, na buɗe mata.

Na biyu. Keken ɗinkina na Tela ne, dama shi ke zuba masa mai. Akwatin ƙarfe na Auta, bayan an ciro abin da zan faɗa.

Na uku shi ne mai nauyin: Littafi Mai Tsarki na Iya. Kun san Iya, mahaifiyata, Kirista ce, mahaifina Musulmi, shi ya kai ni makarantar allo. Ina shekara bakwai takan karanta Zabura kaina na bisa cinyarta, muryar kawai nake ji. Da na kai ashirin, ina ji da karatuna, tana buɗe shi sai in bar mata ɗakin. Ba ta taɓa ce mini uffan ba. Ina arba'in da shida idonta ya dushe, ni na riƙa karanta mata da hantsi, da alwalata, don malaminmu ya hore mu kada mu wulaƙanta takarda mai sunan Allah. Sallata ba ta ragu ba. Amma na ga inda ta ja layi da fensir ta sa shekara, kuma yawanci shekarun da nake ficewa ne.

Ku ma kowa ya sha nasa. Tela, kana goma ka hana Iya sakat da labarin Dauda da ƙaton nan, har ka fasa tagar maƙwabta da majajjawa. Auta a ciki ta koyi baƙaƙe, kyanwar da ta zana tana nan a gefe. Nas ta karanta tana sha tara, ƙofa a rufe, ta bi abin da ta bi.

Ranar da Nas ta faɗa mana ta koma coci, Tela ya yage shafin farko, inda Iya ta jera sunayenmu da ranakun haihuwa. Ina tsaye na yi shiru. Shekara shida shirun nan na cina, ku yafe mini. Na tsince shi a kwandon shara, na bi shi da dutsen guga, yana ƙasan akwati. Yagewar ta raba sunan Nas biyu.

Na huɗu. Littafin na Nas ne. Tela zai ɗinke shafin da allurarsa, ya kai mata gidanta da ƙafarsa, ba aike ba. Ban ce ka karanta ba, ɗana. Nas, ban da wa'azi, ki ba yayanki ruwa kawai.

A gefen sunana Iya ta bar fili. Ranar tafiyata za ta shiga wurin: Tela ya riƙe littafin, Nas ta rubuta, Auta ta shaida.

Allah ya yi muku albarka, ya sanyaya zukatanku. Na bar ku ku uku a shafi ɗaya, kada wanda ya ƙara yage wani.