Murhun Injin Wanki

Litinin, 4 ga Disamba

Kai da ka buɗe littafin nan ba izinina, ka taɓa jin yarinya 'yar shekara ɗaya tana numfashi kamar ana yaga tsumma? In ba ka taɓa ba, rufe, ba naka ba ne.

Saruul ce, 'yar Yaya Dulmaa. Tun da sanyi ya shigo take tari. Yau da hantsi na fita ƙofar ger ɗinmu, zagayayyen tantin da muke zaune a ciki, ban iya hango katangar maƙwabta ba. Duk tudun nan na arewacin Ulaanbaatar hayaƙi ne: kwal, taya, tsohon takalmi, duk abin da zai kama wuta. Mu ma muna ciki, ƙaryar me zan yi. Murhunmu yana turnuƙe ɗaki kafin rabin hayaƙin ya sami hanyar bututu.

Laraba, 6 ga Disamba

Na gane! Na karanta a wani littafin makanikai da na tsinta ba bango, na sake dubawa a waya. Hayaƙi makamashi ne da wuta ba ta gama ci ba. A yi murhu mai bango biyu: iska ta shiga ta ƙasa, ta yi zafi a tsakani, ta fito ta ramukan sama ta ƙone hayaƙin. Ni da aka kora daga makaranta don bakina, na fahimta a zama ɗaya. Masu digirin da ke surutu a talabijin fa?

Asabar, 9 ga Disamba

Na je wajen Tsoho Purev mai gwangwan. Ya ba ni tukunyar cikin injin wanki, mai ramuka a jikinta kamar don ni aka huda, da rabin durom, a kan in kwashe masa tulin ƙarafa zuwa bayan shago.

"Injiniya Otgoo," in ji shi, "in ka gama, ka ƙera mana injin wanke sama."

Na ce, "Zan fara da na wanke bakinka, Baba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Kowa a nan dariyarsa da tari take ƙarewa.

Lahadi, 10 ga Disamba

Kaka ta hana.

Ta zagaya tukunyar, ta taɓa da sandarta. "Me aka yi a cikin wannan?"

"Wanki, Kaka."

"Wankin wa? Safar wa? Ɗan kamfan wa? Shi ne za ka zaunar da wutar gidanmu a inda aka cuɗa dauɗar mutanen da ba mu sani ba? Kai auta, kai da murhun kakanka zai koma hannunka?"

Na ce ƙarfe ne, ba ya tuna komai. Na ce, wutarki mai tsarki ita ke kashe Saruul! Yaya Dulmaa ta ce in rage murya, yarinya ta samu barci da ƙyar. Kaka ta jefa wa wutar murhu kitsen sadakar safe yadda ta saba, ta juya mini baya.

Laraba, 13 ga Disamba

Na haɗa shi a tsakar gida tunda an hana ni ciki. Ƙusa da guduma, yatsuna ba sa ji saboda sanyi. Na hura. Da farko ya yi hayaƙi kamar kowane murhu, har na ɗaga ƙafa zan shure shi. Sai bangon ya ɗau zafi. Harsunan wuta suka fito ta ramukan sama, shuɗi-shuɗi, suna haɗuwa a tsakiya, hayaƙin ya ɗauke. Ya ɗauke ƙaf!

Na ƙwala wa Kaka kira. Don zumuɗi na zaro wuƙata na tsokani itacen in nuna mata. Ban ankara ba sai jin mari na yi.

"Wuƙa a fuskar wuta? Wa ya haife ka?"

Na ce camfi ne, camfi, camfi! Na ɗaga kai in ƙara mata, sai idona ya faɗa kan tudun. Bututu bayan bututu har iyakar gani, kowanne yana aman baƙi. Ga ni tsaye da tukunyar wanki guda ɗaya. Na mayar da wuƙar kube.

Alhamis, 14 ga Disamba

An kwantar da Saruul a asibiti. Leɓenta ya yi shuɗi.

Asabar, 16 ga Disamba

Ba gado. Suna kan baranda, Yaya a zaune a ƙasa, robar numfashi ta rufe wa yarinyar duk fuska. Yara jere har ƙofar bayi, tarin iri ɗaya. Likitar ta ce in ta farfaɗo a fitar da ita daga garin nan, huhunta ba zai ɗauki wani sanyin a nan ba. "In" ta ce. Na ji ta sarai.

Kaka ba ta ambaci wuƙar ba. Da ma ta ambata, in sami wanda zan yi wa ihu. Na san ba wuƙa ba ce. Na sani. Na karanta. To me ya sa nake ta lissafa cewa washegarin wuƙar aka kwantar da ita?

Talata, 19 ga Disamba

Na dawo daga asibiti na tarar da Kaka a tsakar gida, a durƙushe cikin sanyin nan. Ta kunna garin arts, turaren da take yi wa hoton kakanmu, tana zagaya tukunyar da shi, ciki da waje. Da hayaƙi take wanke murhun da ba ya hayaƙi da shi! Ban yi dariya ba.

"Yanzu ya tsarkaka," in ji ta. "Shigar da shi, ka haɗa masa bututu. Kada 'yar nan ta dawo ta tarar da ɗaki a turnuƙe."

Ban gaya mata abin da likita ta ce ba: ko ta tashi, ba nan za ta dawo ba.

Na shigar. Ya kama lafiya, ɗakin garau, ba kowa a ciki sai ni da tsohuwa. Da awartaki na gyara itacen, shi ne ya fi kusa da hannuna, shi ke nan. Kitsen kuwa, ita ta miƙo mini, ba zan bar shi ya faɗi ƙasa ba. Na jefa. Wai har na ambaci sunan Saruul. Ban tuna ba.

Ni na gyara bututu ɗaya da tarkacen bola. Saura na tudun nan fa? Ku masu tace iskar ofisoshinku da inji, ɗaya a cikinku ya hawo nan da ƙafarsa, ba ƙyalle a hanci, ya tsaya a waccan barandar gaban Yaya Dulmaa da sauran iyaye, ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji: iskar wa kuka ce Saruul ta shaƙa?