Katin Wifi a Ɗakin Takaba

Zongo, Kwatano
9 ga Yuni, 2008

Zuwa ga Yaya Zahida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin koma Parakou lafiya, kin tarar da maigida da yara ƙalau. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba.

Inna tana nan cikin takaba, ko zaure ba ta leƙawa. Magana ɗaya take maimaitawa, ita sai ta ga fuskar autanta Badarou. Kin san mun ce mata matsalar takardu ce ta hana shi tasowa daga Libreville zuwa jana'iza. Ba ta musa ba, amma ta ce muryar da take ji a waya ba ta mai lafiya ba ce.

A siber ɗin Idi, shagon intanet ɗin nan na tsallaken titi, ana yin kira a ga juna. Na gaya mata liman ya ce lalura tana halatta fita. Ta ce ba za ta taka titi ba sai ta cika wa mijinta kwanakinsa. Don haka Idi ya yarda in jawo wifinsa zuwa ɗakinta. Na aro tsohuwar kwamfutar ofishinmu na 'yan mota, wadda manhajar Linux ke kanta maimakon Windows, na sayo katin wifi da ƙaramar kamara a kasuwar Missèbo. Kamarar ta kama. Katin kuwa na soka shi, ko fitilarsa ba ta kawo ba. Wataƙila ni ne ban iya ba.

Ki gaishe da kowa.
Ƙaninki,
Abdulƙahar

Zongo, 20 ga Yuni

Yaya Zahida,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Labiba, zazzaɓin ya sake ta?

Ga inda aka kwana. Sunan da ke jikin kwalin katin daban, abin da ke cikinsa daban; sai da na sa kwamfutar ta lissafa kayan cikinta na gane. Katin yana bukatar abin da suke kira filot, ɗan rubutun da ke koya wa kwamfuta magana da shi. Filot ɗin yana intanet, ni kuma ba na shiga intanet sai da katin. Sai na riƙa tsallakawa wurin Idi ina ɗauko shi a kile, wato filashin USB. Ruwan sama ya cika titin, nakan naɗe wando in riƙe kile ɗin a baki. Na farko bai dace da Linux ɗinmu ba. Na biyu ya nemi wani abu, shi ma ya nemi wani. A dandalin masu Linux wani ya ba ni amsa da Faransancin da ya fi ƙarfin karatuna, na bi ta layi-layi da ƙamus.

Duk wannan a gaban Inna nake yi. Carbi kawai take ja tana kallon hannuna.

Jiya Nimatou, matar Badarou, ta kira ni. Ciwon hantarsa ne dai, wanda muka ɓoye wa Inna. Cikinsa ya kumbura, abinci ba ya zama. Ta ce in hanzarta. Yaya, akwai lokacin da nake zargin kaina ko da gangan nake jinkiri, don na san abin da Inna za ta gani. Ban sani ba. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Abdulƙahar

Zongo, 29 ga Yuni

Yaya Zahida,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu dai sai godiya.

Katin ya yi aiki. Na yi amfani da wata manhaja da ke aro wa Linux filot ɗin Windows, fitilar ta kawo. Sai na ɗora kwamfutar a kan taga kafin ta jiyo siber ɗin Idi. Ranar Juma'a bayan la'asar Nimatou ta sami maƙwabci mai kwamfuta, muka haɗu.

Hoton yana tsayawa yana tafiya. An sa wa Badarou hula da farar riga, an jingina shi da matashi. Idanunsa sun yi rawaya, wuyansa ya zama kamar na yaro. Ya yi wa Inna ta'aziyya, har ya gwada yi mata dariya. Inna ta matso ta daɗe tana dubawa, sannan ta juyo ta tambaye ni yaushe za a kira Badarou ya zo. Shi ma ya ji. Na ga ya sunkuyar da kai kafin hoton ya tsinke.

Tun ranar kunu kawai take kurɓa. Ba ta ƙara ambatar sunansa ba, ko a addu'ar da takan yi a fili bayan salla.

Nimatou ta aiko cewa yana roƙon a sake gwadawa Juma'a mai zuwa, zai sa a yi masa aski. Na tambayi Inna, ta juya fuska bango. Na zare katin na sa a aljihu, na aika wa Nimatou cewa ya lalace ina kan gyara. Katin kuwa lafiyarsa ƙalau, Yaya.

Ki zo kafin Juma'a in da hali. Ke ce babba, ki gaya mini ko in mayar da shi.

Wassalam.
Ƙaninki,
Abdulƙahar