Littafin da Gara Ta Cinye

Kiru, daren Laraba, Sha'aban 1957

Yau Bajamushen nan mai sayen fata ya gwada mu, ni da Habu ɗan baffana, don yana neman akawu ɗaya a Kano.

Shekara biyu ina kan littafin Jamusancin nan mai juzu'i uku. Yadda na yi haddar Alƙur'ani haka na yi masa, in rubuta a allo, in biya bayan asuba, in wanke. Juzu'i biyu suna kaina. Habu kuwa wata bakwai kacal ya yi yana tuƙa Bajamushen a mota kasuwa-kasuwa.

Baturen ya ɗaga fatar akuya ya tambaye ni wani abu da Jamusanci. Ban gane ba, sai na kama karanto masa darasin tashar jirgi. Habu ya amsa a karkace, har suka yi dariya tare. Shi aka ɗauka.

Bayan magariba ya kawo mini goro. "Yaya, ara mini littafin, an ce sai na koyi rubutunsu."

Na yi masa fatan alheri. Littafin yana nan ƙarƙashin tabarmata. Na ce masa gara ta cinye.