Gyaran Ba Gana

Gomari, Maiduguri
3 ga Maris

Abban Hanifa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hanifa da Iya, da sanyin Biu da kake yi mini gori da shi.

Ka tambayi yaushe zan gama digirin nan in dawo muku. Ranar ashirin da takwas ga wata zan kare aikina gaban malamai, in akwai abin karewa. Tunda har yau ba ka gane abin da matarka take yi da tsofaffin tayoyi ba, saurara. A masana'anta ana dafa roba da farar wuta, sai zarenta ya ƙulle, ba ta ƙara narkewa. Ni so nake in warware ƙullin ba tare da zaren ya tsinke ba, kamar tsifar kitson Hanifa, don a sake sarrafa robar. Sau goma sha ɗaya ke nan ina dafa garin taya da magani, kullum ko ya ƙone ko ya fito kamar tsakuwa.

Na kasa zama wuri ɗaya. Jiya sai da mai keke-napep ya kai ni unguwar Dala na tuna ba can za ni ba. Kewarku ta ishe ni.

Taka,
Rahmat

14 ga Maris

Abban Hanifa,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Iya? A ce mata addu'arta ta ci.

Aikin ya yi! Ba Gana, tsohon mai facin nan na Yerwa, can cikin gari, da nake sayen garin taya a wurinsa, ya aiko mini sabon buhu. Dafawar farko robar ta fito da laushi, na murza ta, na shimfiɗa ta kamar tabarma. Dakta Yoila, malamin da ke duba aikina, ya ja ta, ya ƙara ja, ya kira abokan aikinsa su gani. Ni da ka ce zan ƙare a sayar da takalman taya, sai ka shirya ban haƙuri.

Abu ɗaya ne ke sosa mini rai: ban canza komai a awon ba, zafi da magani duk yadda suke.

Matarka,
Rahmat

23 ga Maris

Abban Hanifa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ni lafiyar jiki kawai gare ni.

Na gwada ragowar tsohon buhu da awon nan, ya fito tsakuwa. Na tafi Yerwa. Ba Gana ya tarbe ni da fara'a, ya ce kunya ta hana shi ci gaba da sayar mini da shara tsurarta, ga ni na zama 'yar gida. Shi ne ya yi mini gyara, ya yayyanka ɗanyar robar da yake faci da ita, mai tsada, ya cakuɗa a buhun. Robar da ba a taɓa dafawa ba! Ashe babu ƙullin da na warware. Na yi masa godiya, don ban san me zan ce wa mutumin da ke jiran yabo ba.

Ni kaɗai na sani. Kwana uku ina zagaye ƙofar ofishin Dakta, ina gaya wa kaina malaman ba za su gane ba, kuma gaskiya ba za su gane ba. Sai dai ya riga ya gayyaci wani mai kamfanin silifa da ke son zuba jarinsa a kan aikin.

Yau da safe na shiga na faɗa masa. Ya cire sunana daga jerin masu karewa. Sai Satumba, in robar ta yarda.

Kada ka turo mota ranar Asabar. Hanifa kuma bar mini ita, ni zan gaya mata da bakina, don ni na ce ta fara ƙirga kwanaki.

Taka har kullum,
Rahmat