Matar Nuhu a Bangon Cocin Sanyi

Ladvino, 9 ga Afrilu

Glebushka nawa,

"Kafin ƙanƙara ta bar kogi ina gida, Taya, da akwatin kayan aikina." Haka ka ce mini ranar biyu ga Janairu, ƙafarka ɗaya a cikin bas. To, jiya da hantsi ƙanƙara ta tsage a ƙarƙashin gada, yau tana ta wucewa gunduwa-gunduwa.

Bayan haka ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya ciwon bayan? Kana ɗaura ɗamarar ulun da na saƙa maka, ko tana ƙasan jaka? Yaya Mosko da aikin shafa wa ƙubba zinariya? Mu nan lafiya lau. 'Yarmu Lida ta kira daga jami'a, tana gaishe ka.

Takarda nake rubuto maka domin a waya kullum amsa ɗaya ce: kana bisa tsani, za ka kira ni.

Shabalin mai injin yanka katako zai aurar da 'yarsa ranar Lahadin da ke bin idin Ista, kuma ya ce ba a ƙaramin coci ba, a cocin sanyi yake so. Shekaranjiya motarsa ta sauke injinan hura zafi guda huɗu a bakin ƙofa. Na tsaya a gabansu na ce kakannin garin nan ba wawaye ba ne da suka gina coci biyu gefe da gefe, ƙarami mai murhu don hunturu, babba marar murhu don bazara. Bangon nan kaurinsa mita ɗaya da rabi. Wata shida yake shan sanyi, sai Yuni yake gama sakinsa a hankali. Duk wanda ya hura masa zafi yanzu, gumi zai sa shi, kuma a kan zanen da ke jikinsa gumin zai zauna. Shabalin ya bushe da dariya ya ce, "Taisiya Markovna, ke dai littafi ya gama da ke. Sai 'yata ta tsaya cikin rigar amarya tana karkarwa saboda hoton wata tsohuwa mai kaza?"

Tsohuwa mai kaza. Matar Nuhunmu ke nan, Gleb, ta bangon yamma, wadda ke hawa jirgi da kaza a hammata, ta waiwayo tana hararar dabbar beyar da ke bayanta. Shafi arba'in ka rubuta a kanta lokacin kana ɗalibi. Tun da wani fatken fatu ya ɗauko masu zane suka zana ta a ɗanyen shafe, shekara ɗari uku da ɗoriya ke nan, gobara ta cinye garin nan sau biyu ba ta taɓa ta ba. Masu mulkin da suka ce babu Allah sun jibge hatsi a gabanta shekara sittin, ba ta yi ko ƙwarzane ba, domin hatsi ma sanyi yake so.

Tun da aka mayar wa masu ibada cocin, gidan tarihin da nake wa aiki ba shi da komai a ciki sai makulli ɗaya da ni. Fada Nikandr, limamin cocin, yaron kirki ne, amma in Shabalin na magana takalmin kansa yake kallo. Na kira ofishin kula da kayan tarihi na lardi, sun ce ba sa hana komai sai da rahoton mai gyaran zane mai lasin. Ni ba ni da lasin. Kai kana da shi. Tafiyar awa bakwai ce a bas.

Ka zo. Ka huta lafiya.

Matarka mai kewarka,
Taya

Ladvino, 23 ga Afrilu

Gleb,

Almasihu ya tashi. Ina gaishe ka da idi, da fatan ka yi shi lafiya, ka kuma sami wanda ya ba ka abin kirki ka ci. Na ajiye maka burodin Ista da jajayen ƙwai uku. Burodin ya bushe, tsuntsaye sun gode.

Ba ka amsa ba, don haka ga labari. Kwana biyar injinan suka yi suna ruri. Da Fada ya ga ciki ya yi ɗumi, sai ya ce me zai hana a yi ibadar Ista a nan. Mutum ɗari biyar, kowa da kyandir, kowa da rigar da ta jiƙe a hanya. Da safiyar Lahadi na shiga na tarar ruwa na gangarowa daga ƙubba har ƙasa, layi-layi, ta kan fuskokin annabawa.

Ka san abin da garin nan ya yi? Murna. Tsohuwa Matrona mai sayar da kyandir ta fita tana kiran jama'a su zo su ga bayin Allah da ke bango na zubar da hawaye. Na ce mata ba hawaye ba ne, numfashinku ne. Ta dube ni ta ce, "Haba Taya, ki ji tsoron Allah. Ko ranar idi sai kin yi mana lacca?" Yanzu daga ƙauyuka ake zuwa, kowace mace da 'yar audugarta, ta dangwali bangon ta ƙulle a gefen ɗankwali don mai ciwo a gida. Na ga audugar wata. Shuɗiya ce. Rigar Nuhu ce take ɗauke da ita zuwa ƙauye.

Ba na jin haushin matan nan, wallahi. Matrona ɗanta bai dawo daga soja ba, wa zai hana ta neman abin da zai yi kuka tare da ita? Amma ban taɓa karanta labarin abin da ya tsira daga maƙiyansa ya zo ya mutu a hannun masoyansa haka ba, kuma ka san na karanta da yawa.

Ranar Litinin rana ta fito da zafinta, sai suka wangale ƙofofin duka biyu wai bango ya sha iska ya bushe. Na ɗauko tsohuwar kwalbar ruwan nan da ke zaune a bayan ƙofa tun zamanin masu gadin da, na fito da ita bisa matakala. Ban ƙirga goma ba ta yi raɓa fari fat. Kowane mai shara a garin nan ya san ma'anarta a da: in kwalba ta yi raɓa a waje, ba a buɗe coci, domin abin da ya sami kwalba shi zai sami bango. Na kai ta har gaban hancin Fada. Ya ce, "Na gani, Taisiya Markovna. Amma tun da na zo garin nan ban taɓa ganin coci ya cika ba sai yanzu. Me zan ce musu?" Na mayar da kwalbar inda take.

Saura kwana huɗu biki. Layi biyu da sa hannunka sun isa a kashe injinan.

Ka gai da abokan aiki.

Matarka,
Taisiya

Ladvino, 19 ga Mayu

Gleb Ilyich,

Gaisuwa irin wadda aka saba, da fatan kana lafiya. Ni ma lafiyata ƙalau, in kana tambaya.

An yi biki. Amarya ba ta ji sanyi ba. Mako biyu bayan haka gishiri ya feso a bangon yamma kamar an watsa gari. Ranar Alhamis kan beyar ya faɗo, na tsince shi a ƙasa gutsure goma sha ɗaya. Shafen da ke ƙarƙashin matar Nuhu ya kumbura, in na ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ƙarar ganga yake yi. Iska ce kawai tsakaninta da tubali.

Da Fada Nikandr ya ga gutsattsarin a tafin hannuna sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shi bai yi gaban kansa ba, sai da ya tambayi masani. Ya miƙo mini wayarsa. Ranar goma sha huɗu ga Afrilu, daga lambarka: "Ɗumin kwana kaɗan ba zai kashe shi ba, Fada. Taya ta cika ɗaukar abu da zafi."

Ashe takardata ta iso. Wata guda ina zagin gidan waya.

Ban sha wahalar gano dalili ba, garin ƙarami ne. Surukin Shabalin ne ya ba ku aikin ƙubbar nan ta Mosko. Ba zan tambaye ka ko ka yarda da abin da ka rubuta ba. Kai ka koya mini abin da ɗumi ke yi wa tsohon shafe, a kan tsani, shekara ashirin da shida da suka wuce. Da jahili ne ya rubuta, da na yafe.

Ba na jin za ta tsira. Ko ka zo yau, rabin jirgin ya tafi. Amma fuskarta da hannun da ke riƙe da kazar suna nan, kuma in aka manne su da takarda kafin a fara kaɗa babbar ƙararrawa mai girgiza bango don idin Triniti a farkon Yuni, wataƙila su kai kaka.

Ina jiranka har bas ɗin yamma na ranar Asabar, talatin da ɗaya ga wata. In bai sauke ka ba, ranar Litinin da safe zan dafa gam ɗin kifi a tukunyarka da ke rumbu, in yanka takarda, in hau tsani da kaina. Shekarata hamsin da uku, kallo kawai na taɓa yi, ban taɓa riƙe buroshi ba. Mai yiwuwa ta rugurguje a hannuna. Ko ta tsaya ko ta faɗi, gidan tarihi zai kore ni don na taɓa bango ba lasin, kuma da gaskiyarsu. Daga nan zan rufe gida in koma wurin yayata a Kostroma. Na riga na gaya wa Lida, ban ɓoye mata dalili ba.

In ka zo bayan ranar, kada ka neme ni. Ka wuce coci kai tsaye ka dubi aikina, ka rubuta rahoto a kansa.

Allah ya ba ka lafiya.

Taisiya Markovna